Gonar Yanyawa ta Saiberiya: Yadda Dabbar Daji Ke Daina Tsoron Mutum

A wajen birnin Novosibirsk da ke Saiberiya akwai wata gonar yanyawa da aka fara aiki a cikinta a 1959 domin amsa wata tsohuwar tambaya: me ke sauyawa a jikin dabbar daji har ta zama ta gida? Tun a ƙarni na 19 Charles Darwin ya lura cewa dabbobin gida, duk da bambancin asalinsu, sukan yi tarayya a wasu kamannu, musamman kunnuwa masu zubowa. Wanda ya san tunkiyar Uda da dogayen kunnuwanta, rabin jikinta fari rabi baƙi, ya san irin kamannun da ba safai ake ganinsu a dawa ba.

Mai wannan aiki shi ne Dmitry Belyaev, masanin ilimin gado ɗan Tarayyar Sobiyet, kuma ya fara shi a mawuyacin lokaci. An kashe yayansa Nikolai, shi ma masanin gado, a zamanin Stalin. A 1948 Trofim Lysenko, da goyon bayan hukuma, ya sa aka haramta wannan ilimi, Belyaev kuma ya rasa muƙaminsa a cibiyar binciken dabbobin fata ta Mosko. Abin da ya rufa masa asiri shi ne kasuwar fata, domin fatar yanyawa mai ruwan azurfa tana kawo wa ƙasar kuɗin waje. Tunaninsa shi ne cewa mutanen da, ko sun sani ko ba su sani ba, hali suka riƙa zaɓa, wato dabbar da ba ta gudu ba ta cizo, sauran sauye-sauyen kuma biyowa suka yi.

Shi da ɗalibarsa Lyudmila Trut sun soma da maza 30 da mata 100, yawancinsu daga gonar fata ta Istoniya. Ba a horar da dabbobin ba. Idan ɗan yanyawa ya kai wata ɗaya, ma'aikaci zai miƙa masa abinci da hannu yana ƙoƙarin shafa shi, a maimaita gwajin kowane wata har ya balaga. Wanda ya lafe a lungun keji ko ya kai cizo an cire shi ke nan. Wanda ya matso shi ake bari ya hayayyafa. Zaɓen na da tsanani ƙwarai: kimanin kashi 5 cikin 100 na maza da kashi 20 cikin 100 na mata kaɗai ke tsallakewa. A zuriya ta shida aka fara samun masu kukan neman mutum, suna lasar hannu kamar 'yan kwikwiyo. A ta goma sun kai kashi 18 cikin 100, a ta ashirin kashi 35. Sannu a hankali kuma kunnuwa masu zubowa, da naɗaɗɗiyar jela, da farin tabo a goshi suka bayyana, alhali babu wanda ya zaɓe su.

Babban abin da gonar ta gano yana cikin jini. A bisa ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ke fitar da sinadaran fargaba, irin su kotisol, duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Bayan zuriya 12, yawan waɗannan sinadarai a jinin yanyawar da aka zaɓa ya sauko zuwa kusan rabin na sauran. Bayan zuriya 28 zuwa 30 ya sake raguwa da rabi. Sinadarin serotonin kuwa, wanda ke danne faɗa, ya ƙaru a ƙwaƙwalwarsu. Wannan ya shafi ƙuruciyar dabbar kai tsaye. Ɗan yanyawar da ba a zaɓa ba yakan fara tsoron baƙon abu yana da mako shida, na zaɓaɓɓun kuma sai mako tara ko fiye. A cikin waɗannan 'yan makonni na ƙari ne sabo da mutum yake samun gindin zama. Domin tabbatar da cewa gado ne ba reno ba, an ba uwa mai sanyin hali 'ya'yan mafaɗaciya ta shayar, amma suka tashi da halin wadda ta haife su.

Belyaev ya rasu a 1985. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet kuɗi suka yanke, garken da ya kai 700 a 1996 ya koma 100, amma Trut ta riƙe aikin da ƙyar da jiɓin goshi. A 2018 Anna Kukekova da abokan aikinta suka karanta ɗaukacin ƙwayoyin gadon yanyawa, suka sami wurare 103 da suka bambanta tsakanin garken da aka zaɓa da sauran garkuna, ciki har da ƙwayar SorCS1 mai aiki a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A kan karnuka ma an sami makamancin haka: masana a Japan sun nuna a 2015 cewa kallon ido da ido tsakanin kare da mai shi yana ƙara sinadarin oksitosin a jikin su biyun, a 2022 kuma aka danganta ƙwayar MC2R, mai hannu wajen fitar da kotisol, da yadda kare ke fahimtar isharar mutum.

Aikin bai tsira daga suka ba. A 2019 Kathryn Lord da wasu masana suka tunatar da cewa kakannin yanyawar gonar sun fito ne daga gonakin fata na tsibirin Prince Edward a Kanada, inda ake kiwonsu a keji tun ƙarshen ƙarni na 19, don haka ba daga daji aka faro ba. Sukar tana da ƙarfi a kan batun kunnuwa da launin gashi, amma ba ta rushe awon sinadaran jini ba, domin an kwatanta shi ne da na garken da ba a zaɓa ba a gona guda. Trut ta rasu a 2024, bayan fiye da shekara 60 tana wannan aiki.