Daga "Mara Ji" Zuwa ADHD: Tarihin Wani Suna

A wajenmu Zurgu, haka ma Rano da Kibiya, yaron da ba ya zama wuri ɗaya, a aike shi gishiri ya dawo da kanwa, sunansa mai ƙiriniya ko mara ji, maganinsa kuwa bulala. In abin ya ta'azzara a ce iska ce. Ashe su ma likitoci sun daɗe suna sauya wa wannan yaro suna.

A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi lacca a kan irin waɗannan yara, ya ce tawaya gare su wajen kame kai daga abin da bai dace ba. Kun ga bai yi nisa da hukuncin kakanninmu ba. A 1937 Charles Bradley a Amurka ya ba wasu yara ƙwayar Benzedrine, sai ga maganin ƙara kuzari ya gyara karatun kusan rabinsu. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM, ya kira lalurar yawan motsi a 1968, ya koma ƙarancin mai da hankali a 1980, sannan ADHD a 1987.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Tambaya ce da lura. Bugun 2013 ya ce sai an ga alamomi 6 cikin 9 na rashin mai da hankali, ko na yawan motsi, tsawon wata 6, sun soma kafin shekara 12 (da can 7 ce), a wurare biyu aƙalla, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da yaron.

Wato likita da bakin uwa da na malami yake gani. To malamin da ajinsa ya cika maƙil, wa zai iya lura da shi? Yaron da ya fito bai karya ba, ko mai ciwon kunne, shi ma hankalinsa ba ya kan allo, kuma dole likita ya tantance wannan tukuna. Yarinya kuwa da ke zaune shiru hankalinta na can wani wuri, yabo ma take sha wai natsattsiya ce.

Ga kuma tsoron suna. Daga 1958 dokar mahaukata ce ke aiki a Nijeriya, sai a Janairun 2023 aka bayyana cewa Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa in ka ce da uba ya kai ɗansa a duba shi a Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, amsar farko ita ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne."