Hasumiyar Kaduna da Kuɗin Fetur a Shinkafi: Me ke Sa Matatar Mai ta Ɗore?

Babu rijiyar mai a Ƙauran Namoda, babu matata a Shinkafi ko Zurmi. Duk da haka, lafiyar matatun mai ta shafi mutanen wannan yanki fiye da yadda ta shafi mazauna Legas ko Fatakwal, domin su ne a can ƙurewar hanya. Manomin rani da ke ban-ruwa da inji a bakin gulbin Gagare, da ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar fasinja zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da mai injin niƙa a Zurmi, duk lissafinsu na yini yana farawa ne daga kuɗin lita. Tsarin da aka shimfiɗa tun farko shi ne a tace mai a Kaduna, a turo shi ta bututu ta Zariya zuwa daffon Gusau, daga nan tankoki su ƙarasa da shi Ƙaura, tafiyar kimanin kilomita 60. Wannan tsari ya daɗe da tsayawa. Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da ya kassara matatar Kaduna ba ƙarancin kuɗin gyara ba ne, rashin ɗorewar aiki ne, kuma mafi yawan abubuwan da ke sa sashen tace ɗanyen mai ya ɗore suna wajen hasumiyar tacewa ne, ba a cikinta ba.

Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina matatar Kaduna, aka buɗe ta a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, aka ɗaga zuwa 110,000 a 1986. Sassan tacewa biyu gare ta. Na farko yana karɓar ɗanyen man Najeriya marar nauyi domin fitar da fetur da kananzir da man gas. Na biyu an tsara shi ne don ɗanyen mai mai nauyi da ake sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwaiti da Saudiyya, wanda daga cikinsa ake samun man giris da kakin zuma na masana'antu da kwalta. Dukansu biyu ta bututu ɗaya suke samun abinci, bututun da ya taso daga yankin Warri ya ratsa sama da kilomita 600. A haɗa ta da tsohuwar matatar Fatakwal ta 1965 da ta Warri ta 1978 da sabuwar Fatakwal ta 1989, jimillar ƙarfinsu ganga 445,000 ne a rana. Wannan adadi a takarda yake. Rahoton binciken kuɗi na NNPC na shekarar 2018 ya nuna matatar Kaduna ba ta shigar da ko sisi ba a wannan shekara, alhali ta yi asarar sama da naira biliyan 60.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da ke faruwa a cikin hasumiyar. Ɗanyen mai gauraye ne na sinadarai masu yawa, kowanne da zafin da yake tafasa. Ana dumama shi a tanderu zuwa tsakanin digiri 350 da 370, sannan a shigar da shi kusa da gindin wata doguwar hasumiya mai ɗauke da faranta talatin zuwa hamsin, jere bisa juna. Tururin man yana hawa, yana hucewa. Mai nauyi ya riga komawa ruwa a ƙasa, marar nauyi ya ci gaba da hawa. A can ƙololuwa ake kwasar iskar gas da nafta, wadda bayan ƙarin aiki take zama fetur. Ƙasa da ita kananzir, sai man gas, sai ragowar da ta kwanta a gindi, wadda ake kai wa wata hasumiya da aka zuƙe wa iska domin a ƙara tatsar ta ba tare da an ƙona ta ba. Aikin ke nan a taƙaice, kuma ba sabon ilimi ba ne. Wahalarsa ita ce riƙe zafi da matsi da yawan shigar mai a kan ma'auni guda, dare da rana, shekara huɗu ko biyar ba tare da an kashe wuta ba.

Abokin gaba na farko shi ne gishiri. Ɗanyen mai yana fitowa daga ƙasa da ruwan gishiri da laka. Shi ya sa kafin ya isa tanderu ake ratsa shi ta wani babban tanki, a gauraya shi da ruwa mai tsabta a zafin digiri 120 zuwa 150, a sa masa ƙarfin lantarki, sai ɗigon ruwan su haɗu su nutse da gishirin. Idan wannan tanki ya yi sakaci, gishirin magneziyam da kalsiyam suna narkewa cikin zafi su saki asid, asid ɗin ya hau tare da tururi, ya sauka a kan bututan saman hasumiya inda ruwa ke fara taruwa, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye. Ranar da aka ga yoyo, ɓarnar ta watanni ce. A nan ne dogon bututun Kaduna ya zama matsala ta injiniyanci, bayan kasancewarsa matsalar tsaro. Duk lokacin da ɓarayi suka huda shi aka tsayar da turawa, ruwa da laka suna kwanciya a kwarurrukan da bututun ya bi. Da an dawo da turawa sai su taho a dunƙule. Idan ba a bar man ya kwanta a tanki an tsiyaye ruwan ba, wannan dunƙule na iya fin ƙarfin tankin cire gishiri. Ruwan da ya kuɓuce ya shiga wuri mai zafi kuwa yana kumbura ninki ɗaruruwa nan take, kuma ƙarfinsa ya isa ya tumɓuke faranta daga mazauninsu.

Na biyu shi ne dauɗa. Matata mai tattali ba ta barin zafin kayan da ta tace ya tafi a banza. Kananzir da man gas da ragowa masu fitowa da zafi ana bi da su ta jerin na'urorin musayar zafi, su ɗumama ɗanyen man da ke shigowa, ta yadda zai isa bakin tanderu yana wajen digiri 250 ko sama. A hankali kwalta da tsatsa da gishiri suna liƙewa a jikin bututan waɗannan na'urori, kamar farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar mai shayi, wanda ke sa ruwa ya daɗe bai tafasa ba ko da an ƙara gawayi. Man ya iso tanderu da sanyi-sanyi, sai a ƙara wuta. Ƙarin wuta yana cin makamashi, yana kuma sa gawayi ya fara kama cikin bututan tanderun, bututun ya yi ja a wuri guda, ya kumbura, wata rana ya fashe. Maganin wannan ba ya buƙatar biliyoyi: a auna zafin shiga da na fita a kowace na'ura kullum, a rubuta, a yi musu hanyar kewaye domin a iya cire guda a wanke ta alhali matata tana aiki, a kuma guji gauraya nau'o'in ɗanyen man da ba sa jituwa. Aiki ne na haƙuri wanda ba a kiran 'yan jarida a kansa, kuma ina ganin shi ya sa ake raina shi.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran muni, shi ne kunnawa da kashewa. Hasumiya tana dogara da famfuna, famfuna suna dogara da lantarki da tururi da ruwan sanyaya da iskar da ke motsa bawul. Injin lantarki ɗaya ya tsaya, ko tukunyar tururi ta mutu, sai sashen gaba ɗaya ya faɗi. Kowace faɗuwa tana sa ƙarfen da ke digiri 360 ya huce ya tsuke, a sake dumama shi ya buɗe, mahaɗai su saki, bulon tanderu ya tsage. Idan zaman ya yi tsawo ba a cika bututai da iskar naitirojin ba, danshi ya shiga, tsatsa ta ci abin da aiki bai ci ba. Lokacin tayarwa kuma shi ne mafi hatsari a rayuwar matata. A ranar 23 ga Maris 2005, a matatar BP da ke Texas City a Amurka, ana cikin tayar da wata hasumiya aka cika ta fiye da ƙima saboda ma'aunin da ke nuna yawan mai ya yaudari ma'aikata, ta yi ambaliya, wuta ta kama, mutum 15 suka mutu, kimanin 180 suka jikkata. Haka nan gudanar da hasumiya da ɗan abin da ya samu ba tattali ba ne. Idan man da ke shiga ya gaza wajen rabin abin da aka tsara, tururin ba ya da ƙarfin riƙe ruwa a kan faranta, sai ya riƙa zuba ta ramuka, rarrabewa ta lalace.

Lalacewar rarrabewa ba a matata take tsayawa ba. Kananzir mai kyau bai kamata tururinsa ya kama wuta a ƙasa da digiri 38 ba. Idan nafta ta zarce cikinsa, ko aka gauraya shi da fetur a hanya, matar da ta zuba shi a fitila ko risho ita ce za ta gano, kuma Najeriya ta sha ganin irin wannan gobara. Idan kuma man gas ya sulale cikin ragowa, an sayar da kaya mai tsada a farashin baƙin mai ke nan.

Ga misali a maƙwabta. Shinkafi da Zurmi suna iyaka da jihar Maraɗi ta Nijar, kuma a can gabas, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, akwai matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamba 2011. Kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Ganga 20,000 kacal take tacewa a rana, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na Kaduna. Amma nau'in ɗanyen mai guda take ci, daga Agadem, ta bututu mai tsawon kilomita 460 da 'yan kai, wanda aka gina dominta. Ta yi shekaru tana ciyar da Nijar har tana sayar wa 'yan kasuwar arewacin Najeriya rara. Ba wai ba ta da nata matsalolin ba. A Maris 2025 an yi dogayen layuka a Yamai da sauran birane, domin bayan cire tallafi a Najeriya man sumoga ya ja baya, buƙata ta fi ƙarfin matatar, har sai da aka nemi tankoki daga Najeriya. Sai dai wannan matsala ce ta ƙanƙantar matatar, ba ta rashin aiki ba. Ƙaramar matata mai aiki kullum ta fi babba mai aiki wata biyu a shekara fitar da mai, kuma lissafin a fili yake.

A wajenmu hankali ya fi karkata ga manyan kwangiloli. A Maris 2021 gwamnatin tarayya ta amince da dala biliyan 1.5 don gyaran matatar Fatakwal. An sanar da dawowar tsohon sashenta a Nuwamba 2024, aka sake rufe shi a Mayu 2025. A Fabrairu 2023 NNPC ta sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kan gyaran gaggawa na Kaduna a kan kimanin dala miliyan 740. Ban musa cewa matatar da ta haura shekara arba'in tana buƙatar garambawul ba. Abin da nake ja a kai shi ne jerin fifiko. Ko an sauya kowane faranti da kowane famfo, muddin ba a tabbatar da isowar ɗanyen mai kullum ba, da lantarki da tururi masu madadi, da ajiyar kayan gyara, da ikon manaja ya sayi abin da ya lalace a yau ba sai takarda ta je Abuja ta dawo ba, to sabon ƙarfen zai bi sawun tsohon.

Akwai masu cewa wannan muhawara ta wuce, tunda matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da man gas a farkon 2024 da fetur a Satumbar shekarar. Maganarsu tana da nauyi. Babbar matata a bakin teku tana da zaɓin ɗanyen mai daga ko'ina, kuma kuɗin tace kowace ganga ya fi sauƙi a wurinta. Amma daga Lekki zuwa Shinkafi tafiyar sama da kilomita dubu ce a kan tanka. A da, asusun daidaita farashin mai da aka kafa a 1975 yana ɗauke kuɗin dakon. Tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, mai saye ne ke biya, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi biya. A ƙara da halin da yankin ya shiga: haramcin kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka da hukumar kwastam ta sanya a Nuwamba 2019, da hana sayar da mai a jarka da gwamnatin Zamfara ta yi a 2021 saboda 'yan bindiga, da direbobin da ke tsoron hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Manomin da ba zai iya jan injin ban-ruwansa zuwa gidan mai ba, ƙarshenta wurin 'yan bumburutu yake zuwa, ya saya a kwalba da tsada, ba tare da sanin abin da aka gauraya a ciki ba. Sannan ƙasar da ta rataya a kan hasumiya guda, ranar da aka rufe ta don gyara, kowa zai ji a jikinsa.

Saboda haka tambayar ba ta ko a tayar da Kaduna ba ce kawai, ta da wane ɗanyen mai za a ciyar da ita ce. A 2018 Najeriya da Nijar sun ƙulla yarjejeniyar gina matata a jihar Katsina da za ta ci man Nijar, amma tun 2024 wannan mai yana bin bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Rijiyoyin Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, waɗanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Nuwamba 2022, ba su kai ga ciyar da matata ba tukuna. Abin da ya rage a hannu shi ne bututun Warri. Idan za a iya tsare shi, ya fi dacewa a tayar da sashen farko kaɗai, mai ganga 60,000, a riƙe shi a cike, a bar sashen man giris sai an samu tabbacin mai mai nauyi. Idan ba za a iya ba, gara a faɗi gaskiya a juya kuɗin zuwa gyaran bututun tataccen mai da daffon Gusau, ko layin dogon da ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, domin a rage tsawon tafiyar tanka.

Ko wanne aka zaɓa, ma'aunin da ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su nema a fili shi ne na wata-wata: kwana nawa sashen tacewa ya yi yana aiki, sau nawa ya faɗi ba shiri da dalilin kowace faɗuwa, ganga nawa ta shiga, gishiri nawa ya rage bayan wanki, da zafin da mai ke isa tanderu da shi. Kowane ɗakin sarrafa matata yana rubuta waɗannan alƙaluma, kuma malaman injiniyanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda za su iya karanta su su faɗa wa jama'a ko gyaran da aka biya ya yi aiki.