Korar Baƙi ta Zamanin Busia a Zangon Kumasi

Kakana fataken goro ne suka haife shi a zangon Kumasi. Bai taɓa mallakar takardar zama ba, don a zamaninsu ba mai tambaya. Kofi Busia ya hau mulki a Oktoban 1969, ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fice daga Ghana. 'Yan ƙasa da yawa sun yi murna, suna ganin rumfunan kasuwa za su dawo hannunsu. Abin yana min ciwo har yau. Saboda wannan umarni aka karyar da keken ɗinkin kakata, ita da kakana suka hau akori-kura zuwa Kano, garin da ba su taɓa gani ba. Har ta rasu tana ambaton maƙwabciyarta Batoniya, wadda ta rako su tasha da ƙullin gari, tana kuka.