Asalin Kalma: Itabiyom

Sunan ƙauye ne kafin ya zama sunan ƙarfe. Ytterby ɗan ƙauye ne a tsibirin Resarö, kusa da Stockholm a ƙasar Suwidin. A harshensu sunan na nufin ƙauyen waje, kamar yadda Tudun Wada kan taso a bayan tsohon gari. A 1787 wani hafsan soja, Carl Arrhenius, ya tsinci baƙin dutse mai nauyi a ramin haƙar ma'adinai na wurin. Daga nan masana suka yi ta zaƙulo sinadarai, har huɗu suka ci sunan ƙauyen: itiriyom, tabiyom, arbiyom da itabiyom, wanda Marignac, masanin birnin Janeba, ya gano a 1878.

Yau an fi jin kalmar itabiyom a bakin masu ƙera leza. Ɗan kaɗan na ƙarfen ake sawa cikin ƙirar lu'ulu'un YAG ko tangaran mai garai-garai, a haska masa haske mai zangon nanomita 940, ya mayar da na 1030, wanda ido ba ya gani. Da yake tazarar ba yawa, ƙarfin da ke salwanta ya koma zafi kaɗan ne, kuma nan darajarsa take. Mai walda a Tudun Wadar Gusau da ya taɓa shafa farantin ƙarfe mai yankan zane sumul, babu kaushin garanda, wataƙila aikin itabiyom ya shafa.

Mu ma muna da shi: yana cikin yashin monazait da haƙar kuza ta bari a Jos.