Riƙon Yaro a Hannun Iyaye Bisa Sa Idon Alƙali: Tarihinsa a Ƙasar Katsina da Darasin Iyakar Daddara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Idan aka kawo wa alƙali ƙarar cewa wani yaro yana cutuwa a hannun mai riƙonsa, hanyoyi biyu ne a gabansa: ko ya cire yaron ya miƙa shi ga wani, ko ya bar shi inda yake ya sa a riƙa lura da gidan. Mutane da yawa na ɗaukar hanya ta biyu a matsayin baƙon abu da dokokin zamani suka zo da shi. Wannan maƙala za ta nuna cewa tana da asali a fiƙihun Malikiyya wanda alƙalan Katsina suka daɗe suna hukunci da shi, sannan ta duba abin da ya same ta a garuruwan bakin iyaka irin su Daddara, a ƙaramar hukumar Jibiya.

Asalin mas'alar a fiƙihu

Malamai sun gina babin hadana, wato reno da riƙon yaro, a kan hukuncin Manzon Allah (SAW) da na sahabbansa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi ya bar wa wata mata da aka saka ɗanta muddin ba ta yi wani aure ba. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa yadda Sayyidina Abubakar ya hukunta wa kakar Asim riƙonsa a kan mahaifinsa, Sayyidina Umar. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, sai ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba.

Abin lura shi ne malaman ba su bar mai riƙo ita kaɗai da yaro ba. Muhtasar na Shaihu Halilu ya tabbatar wa uba ikon duba lafiyar ɗansa da ladabtar da shi da tura shi makaranta, alhali yaron yana hannun uwarsa. Ya kuma shardanta wa mai riƙo hankali da iyawa da amana da muhalli mai tsaro. Mafi bayyana daga cikin hukunce-hukuncen shi ne na uwar da ba Musulma ba: mazhabar ba ta ƙwace mata ɗa saboda addininta, amma idan aka ji tsoron za ta ba shi abin da ya haramta, sai a haɗa ta da Musulmin da za su riƙa lura da ita. Ka ga a nan an bar yaro a hannun uwarsa, an kuma ɗora ido a kanta da umurnin hukuma. Manufar a fili take: raba yaro da mahaifiyarsa cuta ce, ba a kuwa kawar da cuta da wadda ta fi ta.

Daga tsohuwar Katsina zuwa zuwan Turawa

Katsina ta san alƙalancin Malikiyya tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Ahmad at-Tazakhti, wanda aka fi sani da Ɗantakum, ya riƙe alƙalancin birnin har ya rasu wajen shekarar 1529. Bayan jihadi, lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina a 1807, littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam suka ci gaba da zama madogarar alƙalai. Alƙali a wancan zamani ba shi da ma'aikatan da zai aika gida-gida. Idonsa shi ne mai unguwa da limami da dattawan dangi da maƙwabta, waɗanda shaidarsu ce ke tabbatar da amanar mai riƙo ko ta rushe ta. Al'ada ma tana da nata ƙarfi, domin sau da yawa dangin uba kan karɓe yaro bayan yaye, saɓanin abin da littafi ya faɗa, idan uwa ba ta kai ƙara ba.

Sarakunan da aka kora daga Katsina sun kafa Maraɗi, aka kuma shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana kai wa juna hari a dajin da ke tsakani. Duk da haka jama'ar ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, mazhabarsu ɗaya, auratayya kuma ba ta yanke ba. Bayan Ingila ta ci Katsina a 1903, ita da Faransa suka shata iyaka, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Daga nan Daddara da Jibiya suka faɗa ƙarƙashin Ingila, Maraɗi da Ɗan Isa ƙarƙashin Faransa.

Gidan hukuma da dokokin zamani

Turawa sun bar shari'ar aure da riƙon yara a hannun alƙalai, amma sun kawo wani sabon tunani, na tara yara a gidan hukuma. An fara ganinsa a gidan ƴantattun bayi na Zungeru a farkon mulkinsu, wanda daga baya aka mayar da yaransa hannun ƴan mishan a Rumasha a 1909. Ba abin mamaki ba ne Musulmin Arewa suka daɗe suna ɗari-ɗari da duk dokar da ke ba hukuma ikon ɗauke yaro.

Dokar yara da matasa ta Jihar Arewa ta 1958 ta buɗe wata ƙofa: kotu na iya barin yaro wajen iyayensa, ta karɓi alkawarinsu na kula da shi, ta sa jami'inta ya riƙa bibiya. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta bambanta umurnin karɓe yaro da umurnin sa ido. Jihohin Arewa da dama sun yi jinkirin amincewa da ita saboda saɓani kan wasu sassanta, musamman shekarun aure, har Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020. Kafin nan, a watan Oktoba na 2019, ƴan sanda sun buɗe gidajen mari a Daura da Katsina, suka fito da mutane cikin mummunan hali, har da yara, mafi yawa kuma danginsu ne suka kai su da hannunsu. Mayar da irin waɗannan yara gida ba tare da mai bibiya ba shi ne a baro gini tun ran zane.

Darasin Daddara

Fiƙihu yana auna tafiyar mai riƙo da nisa. Idan uwa za ta ƙaura da yaro tafiyar baridi 6, wato mil 72 na dā, haƙƙinta na iya faɗuwa. Idan waliyyi ne zai ƙaura, yana iya tafiya da yaron da sharaɗin hanya da masauki su kasance da aminci. Bisa wannan ma'auni, matar da aka saka a Daddara ta koma gidan iyayenta a Maraɗi ba ta kai wannan nisa ba, alhali wadda ta koma Kano ta wuce shi. Amma sammacin kotun Katsina yana iya kaiwa Kano, ba ya tsallake Magama. A Nijar kuma kotuna kan yi hukuncin iyali ne bisa al'adar masu shari'ar, da taimakon mashawartan da suka san ta. Rufe iyakar Jibiya daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ya hana iyaye maza da dama duba ƴaƴansu yadda shari'a ta ba su dama. Hare-haren ƴan bindiga, da suka kori dubban mutanen yankin zuwa jihar Maraɗi tun 2019, sun sa sharaɗin amincin hanya ya zama tambayar da alƙali zai yi a kowace ƙara irin wannan.

Kammalawa

Tarihin da ya gabata yana nuna cewa barin yaro wajen iyayensa bisa sa ido hukunci ne da malamanmu suka sani, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan mai sa idon. A dā dangi da limami da mai unguwa ne suka ɗauki nauyin, doka ta zamani ta ɗora shi a kan jami'an jin daɗin jama'a, iyaka kuma ta yanke hannun kowannensu. Ya kamata alƙalan yankin su riƙa ambata sunan wanda zai bibiyi yaro a cikin hukuncinsu, da lokacin da zai dawo da bayani. Haka nan malaman Katsina da na Maraɗi, waɗanda littafi ɗaya suke karantarwa, su ne suka fi cancanta su share fagen yadda hukuncin ɓangare ɗaya zai sami mai tsaya masa a ɗaya ɓangaren. Allah ne Mafi sani.