Tudun Gashaka da Makiyayansa

A gabashin Nijeriya, inda Jihar Taraba da ta Adamawa suka jingina da iyakar Kamaru, akwai wata ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai wadda ake kira Gashaka-Gumti. Ita ce mafi girma cikin gandayen dajin da Gwamnatin Tarayya take tsaro, gama faɗinta ya zarce murabba'in kilomita 6,000. A cikinta ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Kalmar nan da masu taswira suke rubutawa chappal ta Fulatanci ce, caɓɓal, watau tudu mai bisa. Chappal Hendu kuwa tudun iska ke nan. Sunayen kaɗai sun isa su nuna wa mai nazari ko su wane ne suka riƙe ƙwanƙolin duwatsun nan.

Ƙasar hawa biyu ce. A gindin duwatsu akwai zafi da kurmi mai duhu, mazaunin biri mai ganga da gwaggon biri da ɓauna da damisa, ga dorina cikin gulabe. In mutum ya hau sama sai ya tarad da fili fetal, ciyawa iyakar ganin ido, da sanyi mai ratsa ƙashi. Itatuwa sun maƙale cikin kwaruruka kaɗai, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa. Ƙoramun nan su ne suke taruwa su zuba cikin Kogin Taraba, shi kuma ya kai wa Binuwai.

Baƙon da ya ga wannan fili yakan zaci haka Allah ya bar shi tun fil azal, ba wanda ya taɓa shi. Tarihi bai yarda da wannan zato ba. Kafin ƙarni na 19 akwai manoma a ƙasar, irin su Jibu da Ndoro, waɗanda suka sare daji suka yi gonaki. Sa'ad da sarautar Fulani ta Fombina ta bunƙasa, aka kafa Gashaka daga gidan sarautar Banyo, hare-haren neman bayi suka watsa mutane, ƙauyuka da yawa suka zama kufai. Watau yawan namun dajin da Turawa suka tarar, wani sashinsa gadon yaƙi ne: mutane sun ragu, daji ya mayar da gonakinsu.

Jamus ta mallaki wurin a cikin ƙasarta ta Kamaru, har yanzu kuwa ana ganin kangon sansanin sojanta a kan tudun da ke bisa ƙauyen Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koma hannun Ingilishi a kan riƙon amana. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna.

Abin mamaki shi ne, Fulanin sarauta sun riga Fulanin shanu isa tuddan da shekaru masu yawa. Makiyaya ba su hau da garkunansu sosai ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20, yawancinsu ta wajen Kamaru da tudun Mambila. Dalilin hawansu a fili yake. A kurmin ƙasa akwai ƙudan tsando mai kawo sammore, wanda ba ya barin saniya ta yi ƙwari; a sama kuwa sanyi ya hana shi zama, ga ruwa ba ya yankewa, ga ciyawa har cikin rani. Hukumar En'e ba ta ƙi zuwansu ba, don kowace saniya jangali ce. Makiyayin da ya saba da yawo sai ya sami inda zai kafa ruga ya zauna, ya riƙa gangarawa kwari da rani kaɗai. Kowace shekara kuma yakan sa wa busasshiyar ciyawa wuta domin sabuwa ta tsiro. Wutar nan ita take hana itatuwa fitowa daga kwaruruka su rufe filin. Masana suna gardama a kan ko nawa ne daga cikin filin na asali, nawa kuma wuta ta yi. Amma ba mai musun cewa kamannin da yake da su yau da hannun mutum a ciki.

A 1972 Gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe Gashaka da Gumti don tsaron namun daji, sa'an nan a 1991 aka haɗa su suka zama gandu guda na ƙasa, da hedkwata a Serti. A nan aka yi wata dabara wadda ta cancanci yabo. Maimakon a kori mazauna, sai aka shata musu wurare a cikin gandun, kamar Chappal Hendu da Filinga da Gumti, aka yardar musu su yi kiwo da noma a ciki, da sharaɗin kada su yi farauta ko su ƙetare iyaka. A gandaye da yawa na Afirka korar mutane aka yi, aka bar ƙiyayyar da ba ta mutu ba har yau.

Amma fa dabarar ba ta rasa tsada ba. Ciwon bushiya da ya auko a 1983 ya kashe shanu, ya kuma tsallaka ya karkashe ɓauna, gama cuta ba ta san iyakar da aka shata a takarda ba. Inda shanu suka yi yawa kuwa ciyawa mai daɗi takan ƙare, wata mai tauri wadda saniya ba ta so ta maye gurbinta, kofato kuma ya buɗe wa zaizayar ƙasa hanya. Nauyin da ya fi girma daga baya ya zo ne daga waje: burtali da makiyaya sun ƙuntata a sauran Arewa, saboda haka baƙin garkuna suke kwararowa cikin gandun da rani, su da ba su ɗauki wani alkawari da kowa ba. A 2017 Hukumar Gandayen Dajin Ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Africa Nature Investors don su riƙe gandun tare, aka ƙara masu gadi da kayan aiki. Mai gadin daji yana kukan baƙin shanu saboda ɓaunarsa, Bafulatanin Chappal Hendu kuma yana kukansu saboda ciyawar da ya tanadar wa nasa.