Rarraba zafin murhun pelet ta bututun iska

Rarraba zafin murhun pelet ta bututun iska hanya ce ta ɗumama gida a ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Amurka, Kanada da Italiya. Ana kai iska mai ɗumi daga murhu guda zuwa sauran ɗakuna ta bututun da aka shimfiɗa a bango, ko saman silin, ko ƙarƙashin daɓe. Ana buƙatar hakan ne saboda murhun yakan ɗumama ɗakin da yake ciki kawai, ɗakunan nesa kuma su kwana cikin sanyi.

Murhun pelet

Pelet ƙananan ƙwayoyi ne da ake yi da garin katako wanda aka busar aka matse. Kaurinsu yakan kai milimita 6 zuwa 8, kuma damshinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Murhun da ke ƙona su ya fara yaɗuwa ne a Amurka a shekarun 1980. Yana da rumbun da ake zuba ƙwayoyin, da wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa da ke tura su cikin wuta kaɗan-kaɗan. Fanka ɗaya tana ba wutar iska tana fitar da hayaƙi waje, ɗayar kuma tana hura ɗumi cikin ɗaki. Murhun ba ya aiki idan babu lantarki.

Hanyoyin rarrabawa

Hanya ta farko ita ce amfani da murhun da aka ƙera musamman don wannan aiki, wanda ya shahara a Italiya. Yana da ƙarin fanka da ƙofofi a baya, inda ake haɗa bututu mai faɗin milimita 60 ko 80 zuwa ɗaki ɗaya ko biyu. Iskar tana fita da zafi sosai, sai dai bututun ba ya wuce 'yan mitoci, kuma kowace kwana tana rage ƙarfinta.

Hanya ta biyu ta fi yawa a Arewacin Amurka, inda gidaje da dama ke da babban injin ɗumamawa da bututunsa. Ana kunna fankar injin kaɗai, ba tare da wutarsa ba, don ta zuƙi iskar ɗakin murhu ta watsa cikin gida. Sau da yawa sakamakon ba ya gamsarwa. Iskar ɗakin ba ta da zafi ƙwarai tun farko, kuma tana cakuɗuwa da ta sauran ɗakuna. Idan bututun ya ratsa wuri mai sanyi ba a naɗe shi da abin riƙe zafi ba, ɗan ɗumin yakan ɓace a hanya.

Hanya ta uku ita ce girka babban injin da ke ƙona pelet, wanda aka tsara don a haɗa shi da bututun gida kai tsaye. Ya fi tsada, amma shi ne ke ɗumama gida gaba ɗaya.

Wasu kuma sukan ajiye ƙaramar fanka a ƙasa, tana tura iska mai sanyi zuwa ɗakin murhu. Iska mai ɗumi ta fi sauƙin nauyi, don haka sai ta bi ta sama ta maye gurbinta.

Haɗari

Ba a haɗa murhun pelet na yau da kullum da bututun gida, sai idan kamfanin da ya ƙera shi ya amince. Toshe hanyar iskarsa na iya sa ya yi zafi fiye da kima har ya jawo gobara. Haka kuma, idan bakin da ke zuƙar iska ya yi kusa da murhun, yana iya janyo hayaƙi da iskar kabon monoksaid ya raba su zuwa ɗakunan kwana. Wannan iska ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa. Shi ya sa dokokin gini a sassa da dama na Amurka suka hana sanya irin wannan baki a ƙasa da ƙafa 10, wato kimanin mita 3, daga buɗaɗɗen wurin ƙona makamashi. Ana kuma shawartar masu gida su sanya na'urar gano wannan iska kusa da ɗakunan kwana.